FINAFINAN CAINIS: ABIN DA YA SA HAR GOBE BURUSLI BAI TSUFA A 'YANKUZO BA

Shekara 50 da ɗoriya ke nan da rasuwar Bruce Lee, amma har yau yara na daka tsalle a kan yashi suna kwaikwayon ihunsa. Shin mene ne ya haɗa tsofaffin finafinan kunfu da ƙasar 'yan dambe?

In dai ana hirar finafinan ƙasashen waje a ƙasar Hausa, to Indiya ce ke fara zuwa bakin kowa. Ba a yi ƙarya ba, ita ce uwargida. Wani Bature mai bincike, Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano cikin shekarun 1990 yana nazarin harkar kallo, ya rubuta cewa a wancan lokaci gidajen sinima kan nuna fim ɗin Indiya dare biyar a mako, su bar dare ɗaya ga na Amurka, ɗaya kuma ga na Hong Kong, wato wanda kowa ya fi sani da Cainis. Dare ɗaya tak a mako! To amma wannan dare ɗayan ya yi tasirin da ba a cika yi masa adalci ba idan ana ba da tarihin kallo a Arewa.

Mai shakka ya dubi garuruwa irin su 'Yankuzo da ke ƙaramar hukumar Tsafe a Jihar Zamfara. Yaron da ya taso a irin waɗannan wurare ba lalle ne ya iya rera waƙar Indiya ko guda ba, amma da wuya a ce bai taɓa dunƙule hannu, ya goge hanci da babban yatsa, ya yi wa abokinsa ihun Burusli ba. Daga Cainis ne samari suka fi riƙe kalmomin da har yau suke yawo a bakinsu: akta, bos, ƙaramin bos, masta, da faɗan ƙarshe. Kuma a can aka samo karin maganar nan ta 'yan kallo, wai akta ba ya mutuwa, ko ya mutu sai fim ya ƙare.

Tambayar ita ce, me ya sa fim ɗin da aka yi a wata uwa duniya, da yaren da ba wanda ke ji, ya zauna daram a zuciyar ɗan manomi da ɗan mahauci na ƙasar Zamfara? Amsar ba ta tsaya a kan naushi da shuri kawai ba.

DAGA HONG KONG ZUWA BENCIN GIDAN KALLO

Yawancin finafinan da ake kira Cainis ba a cikin babbar ƙasar Sin aka yi su ba. A Hong Kong aka yi su, wani ɗan yanki da ya kasance a hannun Turawan Ingila har zuwa 1997. Kamfanoni biyu ne suka riƙe wuyan kasuwar. Na farko shi ne Shaw Brothers na attajirin nan Run Run Shaw, wanda a 1961 ya buɗe wani makeken sansanin shirya fim mai ɗakunan ɗaukar hoto da gidajen kwanan 'yan wasa, duk a waje guda. Tsofaffin 'yan kallo za su tuna tambarinsa, garkuwa mai ɗauke da haruffan SB. Na biyu shi ne Golden Harvest, wanda Raymond Chow, tsohon babban ma'aikacin Shaw, ya kafa da abokansa a 1970.

Da farko finafinan takobi ne ke tashe. A 1967 darakta Chang Cheh ya yi One-Armed Swordsman, labarin jarumi mai hannu ɗaya, da Jimmy Wang Yu a matsayin akta, kuma shi ne fim na farko da ya tara dala miliyan ɗaya ta Hong Kong a gida. A 1970 Wang Yu ya fito da The Chinese Boxer, inda aka ajiye takobi aka koma ga hannu da ƙafa. Daga nan kasuwa ta buɗe. King Boxer na 1972 ya tsallaka Amurka a 1973 ya yi kasuwar da ba a zata ba.

Akwai wani abu da ke ba yara dariya a waɗannan finafinai: baki na motsi daban, magana na fita daban. Dalili kuwa shi ne a wancan zamani ana ɗaukar hoton ne ba tare da sauti ba, sai daga baya a shiga ɗakin sauti a ɗora murya da harshen da ake so, a kuma ɗora ƙarar naushi da ta kaɗawar hannun riga. Wannan dabara ta sa fim ɗaya na iya shiga kowace kasuwa a duniya.

A Nijeriya, ta gidajen sinima na birane suka fara shigowa, irin su Rex da Palace da Plaza da Orion da Marhaba a Kano. Da bidiyo ta yawaita cikin shekarun 1980, sai kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafar kaset, daga can 'yan kasuwa ke lodi zuwa Funtuwa da Tsafe da Gusau, har kaset ɗin ya gangara ƙauye. Garuruwan karkara ba su san sinima irin ta birni ba, gidan kallo suka sani: rumfar kwano ko zana, benci a jere, talabijin ɗaya a kan tebur, janareto na kuka a baya. Kafin kaset ya iso, an kwafe shi sau ba adadi, hoton ya yi dishi-dishi. Amma wa ya damu? Faɗa ba ya bukatar tafinta. In ma ana bukata, ba a rasa wani a bencin gaba da ya kalli fim ɗin sau goma, yana ta faɗa wa mutane abin da zai faru tun ba a tambaye shi ba.

Bayan da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ran 27 ga Oktoba, 1999, ta kuma fara aiki ran 27 ga Janairu, 2000, an rufe gidajen sinima a jihar. Kallo sai ya ƙara komawa cikin gida, daga kaset zuwa faifan sidi, daga sidi zuwa wayar hannu da shagunan masu tura finafinai. A duk wannan sauyi Cainis bai faɗi ba. Abu guda da ya taimake shi shi ne galibin tsofaffin finafinan ba su da tsiraici da rungume-rungume irin na Amurka, don haka wa da ƙane na iya zama su kalla ba tare da wani ya sunkuyar da kai ba.

BURUSLI: FINAFINAI HUƊU DA RABI

Da yawan masoyansa za su yi mamaki idan suka ji cewa finafinan kunfu da Bruce Lee ya kammala a matsayin akta guda huɗu ne kacal. An haife shi a San Francisco ta Amurka ran 27 ga Nuwamba, 1940, ya tashi a Hong Kong, inda ya koyi salon Wing Chun a wurin malaminsa Ip Man, wanda Donnie Yen ya fito a matsayinsa a fim ɗin 2008. Ya koma Amurka yana saurayi, ya buɗe makarantar koyar da faɗa, amma Hollywood ta ƙi ba shi babban matsayi. Sai ya dawo gida, Golden Harvest ta ɗauke shi.

The Big Boss ya fito a 1971. Labarin wani saurayi ne da ya je ci-rani ƙasar Tailan, ya samu aiki a masana'antar ƙanƙara, bayan ya yi wa mahaifiyarsa alƙawarin ba zai sake faɗa ba. Kusan rabin fim ana cin zarafin 'yan'uwansa yana kallo yana haɗiye fushi, sai da abin wuyan da ke tuna masa alƙawarin ya tsinke sannan ya saki hannu. Duk ɗan ci-ranin da ya taɓa barin gida da nasihar uwa a kunnensa ya san wannan labari tun kafin a fassara masa.

A 1972 aka yi Fist of Fury, inda ya fito a matsayin Chen Zhen, almajirin da ya dawo Shanghai ya tarar an kashe malaminsa, ga kuma 'yan wata makarantar Japanawa na yi wa mutanensa gori. A shekarar dai ya ba da umarnin Way of the Dragon da kansa, wanda ya ƙare da karon nan da ba a mantawa tsakaninsa da Chuck Norris a tsohon dandalin birnin Rum. Sai Enter the Dragon na 1973, wanda aka yi da haɗin gwiwar kamfanin Warner na Amurka. Bai ga fitowarsa ba, domin ya rasu ran 20 ga Yuli, 1973, yana da shekara 32. Labarai sun yi ta yawo a majalisu, wasu su ce guba aka ba shi, wasu su ce sammu ne, amma binciken hukuma ya nuna kumburin ƙwaƙwalwa ne bayan ya sha wani maganin ciwon kai. Game of Death, mai rigar nan ruwan ɗorawa, guntun aikin da ya bari ne aka cike da wasu masu kama da shi aka saki a 1978.

To ina sauran finafinan Burusli barkatai da aka riƙa kallo a gidajen kallo suka fito? Jabu ne. Bayan rasuwarsa furodusoshi sun ɗebo masu kama da shi suka laƙaba musu sunaye irin su Bruce Li da Bruce Le da Dragon Lee. An sha cacar baki a benci kan ko wannan Burusli na gaske ne ko kuwa ƙanensa ne.

SAI AN SHA WUYA AKE SHAN DAƊI

Idan aka tambayi wanda ya san Cainis da gaske wane ɓangare ya fi so, ba kasafai zai ce faɗan ƙarshe ba. Zai ce wajen horo. Kuma ba fim ɗin da ya kai The 36th Chamber of Shaolin na 1978 a wannan fanni, wanda Lau Kar-leung ya ba da umarni, Gordon Liu mai aski ƙwal ya fito a matsayin San Te.

Ɗalibi ne da azzaluman mahukunta suka kashe masa iyaye da abokai, ya tsere da rauni zuwa gidan ibadar Shaolin don ya koyi faɗa. Shekara guda ya yi yana sharar ganye kafin a fara koya masa komai. Da aka fara, ba a nuna masa naushi ba. An ce ya tsallake kududdufi a kan itatuwan da ke yawo bisa ruwa, in ya faɗa ba shi ba abinci. An ba shi bokitan ruwa biyu ya hau tudu da su, da wuƙaƙe ɗaure a damatsansa, in ya sauke hannu su soke shi. An ba shi doguwar gora mai nauyi a baki ya riƙa buga ƙararrawa da hannu ɗaya har wuyan hannunsa ya kumbura. An sa kansa tsakanin wuta biyu don ya koyi bin abu da ido ba tare da juya wuya ba. Ɗaki 35 ya bi ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama aka ce ya zaɓi ɗakin da zai shugabanta, sai ya ce shi na 36 yake so ya buɗe, inda zai koya wa talakawan gari yadda za su kare kansu.

A nan sirrin yake. A fim ɗin Amurka akta kan shigo da ƙarfinsa da bindigarsa tun daga farko. A na Indiya sau da yawa fushi ko soyayya ce ke ba shi ƙarfin dukan mutum ashirin. A Cainis kuwa, a gaban idon ɗan kallo ake gina jarumi, daga ragon da kowa ke mari har ya zama gwani. Yaron da ya yini yana jan ruwa a rijiya, ko yana huɗa a gona, ko yana ɗauko itace daga daji, idan ya ga San Te da bokitansa, kansa yake gani. Fim ɗin na gaya masa cewa wahalar nan ba asara ba ce, mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

SHAGON WANE, AUTAN WANE

Ba a banza wannan saƙo ya samu gindin zama a ƙasar Zamfara ba, domin ya tarar da ɗan'uwansa a gida, wato dambe. Tun kafin a san bidiyo, da kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, 'yan dambe kan bi gari-gari, a share fili, makaɗa su ɗauki kalangu, a yi ta kirari. Ɗan dambe na naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle da zare, shi ne mashinsa, ɗaya hannun kuma garkuwa. Turmi uku ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Sunayen Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kware, waɗanda marigayi Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya waƙe, har yau ba su ɓace a bakin mutanen wannan yanki ba.

A duba yadda 'yan dambe ke sa suna: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane. Ɗan dambe ba ya shiga fili da sunansa shi kaɗai, sai da na ubangidansa. In ya yi kisa, maigidan ne ya yi. In aka kashe shi, gidan duka aka kunyata. Haka kuma akwai ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramaɗa da Jamus, kowa na kare tutarsa. To wannan shi ne ainihin ginin fim ɗin Cainis: makaranta da makaranta, salo da salo, almajiri na neman fansar malaminsa. Ɗan kallon 'Yankuzo bai bukaci a yi masa bayanin dalilin da ya sa Chen Zhen ya haukace a kan kabarin malaminsa ba.

Abin ma ya wuce cikin fim. Wong Fei-hung, wanda Jackie Chan da Jet Li duk suka fito a matsayinsa, mutum ne na gaske da aka haifa a 1847 a kudancin ƙasar Sin, gwanin faɗa kuma mai magani da ɗori. Marigayi Kwan Tak-hing ya fito a matsayinsa a finafinai sama da 70 tun daga 1949. Cikin manyan almajiran Wong akwai Lam Sai-wing, wanda sana'arsa fawa ce, shi ne Sammo Hung ya kwaikwaya a Magnificent Butcher na 1979. Mahaifin darakta Lau Kar-leung almajirin wannan mahaucin ne. Ke nan a yaren 'yan dambe, wanda ya yi 36th Chamber tattaɓa-kunnen gidan Wong Fei-hung ne. Kuma kowa ya san asalin dambe a ƙasar Hausa wasan mahauta ne. Ashe dai ruwa ba ya tsami banza.

JAKI CAN DA JETLI

Bayan Burusli an yi shekaru ana neman magajinsa ba a dace ba, har sai da aka samu wanda ya ƙi kwaikwayonsa. An haifi Jackie Chan a 1954, iyayensa suka kai shi makarantar wasan kwaikwayon gargajiya ta Malam Yu Jim-yuen yana ɗan shekara bakwai, ya yi shekara goma yana shan horo da bulala tare da Sammo Hung da Yuen Biao. Ya fara da aikin ɗan amsar duka. Mai ido zai hango shi a Enter the Dragon cikin yaran bos da Bruce Lee ya yi wa laga-laga.

A 1978 darakta Yuen Woo-ping ya yi finafinai biyu da shi. A Snake in the Eagle's Shadow maraya ne mai goge-goge a wata makarantar faɗa, wanda malamai ke gwada duka a jikinsa. Ya taimaki wani tsoho almajiri, ashe tsohon masta ne, ya koya masa salon maciji. Da ya ga kyanwa ta yi maganin gamsheƙa, sai ya ƙara da salon farcen kyanwa. A wajen ɗaukar fim ɗin ne bos Hwang Jang-lee, ɗan Koriya gwanin shuri, ya cire masa haƙori da gaske. A Drunken Master kuma ɗan gata ne marar jin magana, wanda sai da bos ya ƙona masa tufafi ya sa shi rarrafe ta ƙarƙashin ƙafafunsa sannan ya koma wurin tsohon malaminsa da ladabi. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Burusli ba ya nuna ya ji zafi. Jaki kuwa in ya yi naushi sai ya yarfe hannu, in faɗa ya fi ƙarfinsa ya ari ta kare, ya kare kansa da benci ko tsani ko buta. Shi ya sa yara suka ɗauke shi kamar wani yayansu na unguwa. Amma dariyar ba ta zo da arha ba: a wajen ɗaukar Armour of God a ƙasar Yugoslabiya ya faɗo daga bishiya ƙoƙon kansa ya fashe, sai da aka yi masa tiyata.

Jet Li, haifaffen Beijing a 1963, zakaran gasar wushu ne na ƙasar Sin tun yana yaro. Fim ɗinsa na farko, Shaolin Temple na 1982, an ɗauke shi ne a ainihin gidan ibadar Shaolin da ke lardin Henan, kuma ya sa dubban yara sun yi tururuwa zuwa makarantun koyon faɗa da ke kewayen wurin.

TAURI DA BINDIGA

Akwai wani abu da tsofaffin finafinan nan suka daɗe suna faɗa, wanda yaro ba ya lura da shi sai ya girma: matsayin bindiga. A Enter the Dragon, an hana shiga tsibirin bos Han da bindiga. Fist of Fury ya ƙare ne da Chen Zhen ya daka tsalle zuwa ga jerin masu bindiga, hoto ya tsaya cak, sai ƙarar harbi kawai ake ji. A Once Upon a Time in China na 1991, wanda Tsui Hark ya ba da umarni, akwai wani Masta Yim, mai irin abin da Bahaushe zai kira tauri, wanda ƙarfe ba ya kama jikinsa. Talauci ya sa ya haɗa kai da 'yan ta'addan gari. Ƙarshensa harsasai suka yi masa ruwa, ya mutu a hannun Wong Fei-hung yana mai yarda cewa gwanintarsa ba ta iya wa bindiga.

A duniyar Cainis, mai bindiga ba gwani ba ne. Bai yi shara ba, bai ɗauki bokiti ba, ba shi da malamin da zai tsawata masa. Shi kuwa gwani, ko abokin gabarsa yana ganin girmansa. Bayan Bruce Lee ya kashe Chuck Norris a Way of the Dragon, komawa ya yi ya ɗauko rigarsa da baƙar ɗamararsa ya lulluɓe gawar. Haka yake a filin dambe: wanda aka kashe tashi yake ya karkaɗe jiki, gobe a sake gamuwa.

Ba sai an yi wa mutumin 'Yankuzo ko Tsafe ko Bungudu dogon bayani kan wannan ba. Sama da shekara goma yankin na ɗanɗana kuɗarsa a hannun 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 sai da ta kai an rufe kasuwannin mako-mako an kuma katse layukan waya a faɗin jihar na wani lokaci. Yaron da ya buɗe ido a cikin wannan hali, irin ƙarfin da ya fi gani shi ne na wanda ya rataya bindiga a kafaɗa, ƙarfin da ake samu dare ɗaya, ba horo, ba ladabi, ba na gaba. Fim ba zai kawo zaman lafiya ba, wannan aikin hukuma ne da shugabanni. Amma ba ƙaramin abu ba ne a ce a cikin wayar yaro akwai labarin da ke nuna masa wani irin namiji daban, wanda ya fi kowa iya duka amma ya fi kowa jinkirin ɗaga hannu.

Sai dai a yi hattara. Wasu yaran ihun kawai suka ɗauka suka bar tarbiyyar. An sha ganin masu haɗa sanduna biyu da sarƙa irin ta Burusli su fasa kawunansu ko na ƙannensu. Hatta a Ingila, hukumar tace finafinai ta shafe shekaru tana yanke wuraren da wannan makami ya fito. Haka nan Drunken Master tangaɗin mashayi ake kwaikwayo a salon faɗa, ba lasisin shaye-shaye ba ne; ba wanda ƙwaya ko sholisho ya taɓa mayarwa gwani. Mai sha'awar abin da gaske akwai hanya: kulob na kareti da takwando a birane, ko gidan dambe a ƙarƙashin ubangida. Ga misali nan kusa a maƙwabta, Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar, wanda ya ciyo azurfa a takwando a gasar Olamfik ta 2016 a Rio, ya kuma zama zakaran duniya a 2017.

ƘALUBALE GA 'YAN FIM NA HAUSA

Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, masana'antar finafinan Hausa ta ɗauki abubuwa da yawa daga Indiya, musamman bayan tashen Sangaya da Wasila: rawa da waƙa, auren dole, soyayyar mutum uku. Daga Hong Kong kuwa ba ta ɗauki abin kirki ba. Sau da yawa in an zo wajen faɗa a fim ɗin Hausa, sai ka ga naushi ya wuce da nisan kamu guda amma mutum ya faɗi, ƙarar kuma ta biyo baya. Dariya ake yi a inda ya kamata a riƙe numfashi.

Ba kuɗi ne kaɗai matsalar ba, domin su ma na Hong Kong da yawa da ƙaramin jari aka yi su. Bambancin shi ne suna da mutum na musamman mai tsara faɗa, wanda a wajen ɗaukar faɗa maganarsa ce ke gaba. Sukan yi kwanaki, wani lokaci makonni, a kan faɗa ɗaya. Sukan ja kyamara baya a ga jikin ɗan wasa tun daga kai har ƙafa, a bar shi ya yi motsi da yawa kafin a yanke. Wannan sana'a ce ta kai Yuen Woo-ping har Hollywood, inda ya tsara faɗan The Matrix a 1999 da na Kill Bill a 2003.

Kayan aikin kuwa ga su nan zube. Akwai 'yan dambe a Gusau da Ƙauran Namoda, akwai su a dandalin Ado Bayero na Kano da gidan damben Ali Zuma na Dei-Dei a Abuja, kuma bidiyon dambe na samun 'yan kallo daga ƙasashen duniya a YouTube. Akwai kokawa, akwai sharo, akwai kiɗa da kirarin da Hong Kong ba ta da irinsu. Fim ɗin Karen Bana na darakta Falalu Ɗorayi, wanda Adam A. Zango ya fito a ciki, ya gwada ɗora labari a kan dambe, kuma 'yan kallo sun karɓe shi. Amma ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Abin da ake jira shi ne furodusan da zai ɗauko labarin yaron ƙauye da ya rasa komai, aka miƙa masa bindiga ya ƙi karɓa, ya tafi wurin wani tsohon ɗan dambe ya durƙusa, ya yi shara, ya ja ruwa, ya sha faɗuwa, har ranar da makaɗi zai kira shi da Shagon wane. Wanda duk ya yi wannan fim da gaskiya, ba sai ya sha wahalar talla a 'Yankuzo ba. 'Yan kallonsa sun daɗe a kan benci suna jira.